Tsakuwar maɗaciya: wa ya kamata a yi wa tiyata, wa ya kamata ya jira?

Tun da na'urar ɗaukar hoton ciki ta zama ruwan dare a asibitoci, mutane da yawa suka fara jin labarin wata gaɓa da a da ba su damu da sanin inda take ba, wato maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama. Mutum zai je a duba masa ƙoda ko hanta, ko mace ta je awon ciki, sai a ce an hango tsakuwa a maɗaciya, daga nan kuma hankali ya tashi, domin abin da yake fara faɗo wa mutum a rai shi ne tiyata. Wani kuma ya daɗe yana shan maganin gyambon ciki bisa zaton olsa ce take tayar da shi cikin dare, alhali tsakuwa ce take toshe masa bakin maɗaciya. Dukansu biyu sunan cuta ɗaya ake rubuta musu a kati, amma matakin da ya dace da ɗaya yana iya cutar da ɗayan. Ganin tsakuwa a hoto bai isa ya zama hujjar yanka mutum ba. Abin da ake aunawa shi ne ɓarnar da tsakuwar ta riga ta yi, da kuma tabbacin cewa ita ce take haddasa ciwon da ake kuka da shi.

Maɗaciya 'yar jaka ce da ba ta wuce tsawon santimita 7 zuwa 10 ba, tana manne a ƙarƙashin hanta, a ɓangaren dama na ciki, daidai ƙasan haƙarƙari. Ba ita take haɗa ruwan ɗacin da ake danganta mata ba. Hanta ce take haɗa shi, kimanin mililita 400 zuwa 800 a kowace rana, maɗaciya kuma ta tara wani kaso, ta tsotse ruwan da ke cikinsa har ya yi kauri, ta ajiye. Idan abinci mai maiƙo ya isa farkon ƙaramin hanji, sai hanjin ya saki wani sinadari da ake kira kolesistokinin, wanda yake sa maɗaciya ta matse ta tura ruwan ta cikin wata siririyar hanya zuwa hanji, domin ya taimaka wajen narkar da mai. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutum yake iya rayuwa ba tare da ita ba, tunda ma'ajiya ce kawai, masana'antar kuwa tana nan a hanta.

Tsakuwar tana samuwa ne idan ma'aunin abubuwan da ke cikin ruwan ya karkace. Mafi yawanta daga kolastirol take, wato wani sinadari mai kama da kitse, wanda yake yin yawa har ruwan ya kasa riƙe shi a narke, sai ya fara daskarewa a hankali, musamman idan maɗaciyar ba ta juye abin da ke cikinta yadda ya kamata. Akwai kuma baƙar tsakuwa wadda take samuwa daga bilirubin, wato abin da ke saura idan jajayen ƙwayoyin jini sun mutu, shi ya sa ake yawan ganinta a wajen masu cutar sikila tun suna ƙanana. Mata sun fi maza samun tsakuwa, kuma juna biyu, da ƙiba, da ciwon suga, da tsufa, da gado duk suna ƙara yiwuwarta. Abin da yake ba mutane mamaki shi ne rama cikin gaggawa ma tana haddasa ta, domin idan jiki yana ƙona kitse da sauri hanta tana zuba kolastirol mai yawa a cikin ruwan, maɗaciyar kuma tana daɗewa ba ta matse ba saboda ƙarancin abinci.

A ƙasashen Turai da Amurka, inda aka fi ƙididdige abin, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na manya suna ɗauke da tsakuwa, kuma kimanin kashi 80 cikin 100 daga cikinsu ba su taɓa jin komai ba. A cikin waɗannan masu tsakuwar da ta yi shiru, 'yan kaɗan ne, abin da bai wuce biyu ko uku cikin ɗari ba, suke fara jin ciwo a kowace shekara, kuma galibi ciwon yana fara bayyana a matsayin gargaɗi kafin wata babbar matsala ta biyo baya. Saboda haka likitoci sun daɗe da yin ittifaƙi cewa tsakuwar da ba ta damun mai ita a ƙyale ta. Akwai 'yan togaciya: tsakuwar da ta haura santimita 3, ko tsiro a bangon maɗaciya da ya kai santimita 1, ko bangon da ya taurare da sinadarin alli, domin waɗannan suna da alaƙa da sankarar maɗaciya, cutar da ba a cika samu ba a yawancin duniya amma ta yi yawa a Cile da arewacin Indiya. In ba haka ba, wanda aka gano wa tsakuwa bisa tsautsayi abin da yake buƙata shi ne ya san alamomin da zai lura da su, ya ci gaba da harkokinsa.

Ciwon tsakuwa na ainihi yana da kamanni da wanda ya taɓa ɗanɗana shi ba ya mantawa. Yakan zo ne bayan cin abinci mai nauyi, ko kuma ya tayar da mutum a tsakiyar dare. Yana farawa a saman ciki, a tsakiya ko a dama, ya ƙaru cikin minti 15 zuwa awa ɗaya har ya kai maƙura, sannan ya tsaya cak a haka, ba ya lafawa ya dawo kamar murɗar ciki. Sau da yawa yana harbawa zuwa baya, ƙarƙashin allon kafaɗar dama. Mai ciwon yakan kasa zama ya kasa kwanciya, ya yi ta zagaye ɗaki yana dafe da haƙarƙari, gumi yana keto masa, zuciyarsa tana tashi, wani lokaci har ya yi amai ba tare da ya sami sauƙi ba. Yin gyatsa ko shiga bayi ba ya rage shi. Bayan rabin awa zuwa 'yan awoyi, idan tsakuwar da ta toshe bakin jakar ta koma ciki, sai ciwon ya janye, ya bar mutum a gajiye da ɗan tsami a wurin, kuma yana iya yin makonni ko watanni bai dawo ba.

Na tsaya a kan wannan siffa ne domin a nan yawancin kuskure yake faruwa. Kumburin ciki, da yawan gyatsa, da ƙwannafi, da jin nauyi bayan cin abinci, da ɗan ciwon da yake nan kullum ba ya tsanani ba ya tafiya, duk waɗannan ana samunsu a wajen masu tsakuwa da marasa ita kusan daidai wa daida. Idan mai irin waɗannan koke-koke ya yi hoto aka ga tsakuwa, abu ne mai sauƙi a ɗora mata laifi, a cire maɗaciya, sannan bayan wata uku ya dawo da kukansa na da. Wani bincike da aka gudanar a asibitocin ƙasar Holan, aka buga a mujallar The Lancet a 2019, ya bibiyi mutane fiye da dubu ɗaya masu tsakuwa da ciwon ciki, ya gano cewa bayan shekara ɗaya kusan kashi 40 cikin 100 ba su rabu da ciwon ciki gaba ɗaya ba, ko da a rukunin da aka tsananta sharuɗɗan zaɓen waɗanda za a yi wa aiki. Wannan adadi ya isa ya sa duk wanda ake shirin yi wa tiyata ya tambayi likitansa kai tsaye: wane ɓangare na abin da nake ji aikin zai magance, wane ne kuma zai iya zama yana nan? Wani lokaci amsar tana buƙatar a fara leƙa tumbi da bututu mai kyamara don a kawar da zargin gyambo, a kuma duba zuciya, tunda ciwon zuciya ma yana iya bayyana a saman ciki.

Ga wanda ya sami ciwon tsakuwa na ainihi sau ɗaya ko sau biyu, ba tare da wata matsala ta biyo baya ba, a nan ne zaɓi yake da faɗi, kuma a nan ne ra'ayin mai jiki yake da nauyi. Abin da aka daɗe ana yi shi ne a ba da ranar tiyata. Sai dai kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka sami ciwon karo na farko ba sa sake samunsa a shekarun da ke biye. A ƙasar Nowe an raba irin waɗannan marasa lafiya gida biyu, aka bibiye su tsawon shekara 14, sai aka tarar kusan rabin waɗanda aka bari ba a yi musu aiki ba sun ƙare da yin tiyatar, akasarinsu a shekarun farko, sauran rabin kuwa sun zauna da maɗaciyarsu. A 2023 mujallar BMJ ta buga sakamakon wani gwaji a Birtaniya mai mutum 434, wanda ya nuna cewa bayan wata 18 babu wani bambanci na a zo a gani a yawan ciwon jiki tsakanin waɗanda aka tura tiyata da waɗanda aka ce su jira, kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu jiran aka yi wa aiki a wannan tsakanin.

Bai kamata a fahimci wannan a matsayin cewa jira ba shi da farashi ba. Wata 18 gajeren lokaci ne a rayuwar mai shekara 30, kuma wanda tsakuwarsa ta fara motsi yana fuskantar yiwuwar babbar matsala da ta kai kashi 1 zuwa 3 cikin 100 a kowace shekara, abin da yake taruwa idan shekaru suka yi yawa. A ganina, wanda ciwon ya zo masa sau ɗaya, yana zaune kusa da asibitin da ake iya tiyatar gaggawa, kuma ya san alamomin hatsari, yana da hujja mai ƙarfi ta jira ya gani. Wanda kuwa ciwon yake dawo masa duk bayan 'yan makonni, har ya fara tsoron abinci yana ramewa, ko aikinsa yana kai shi wuraren da babu likita a kusa, ko yana da ciwon suga wanda yake sa kumburi ya yi muni kafin a farga, jinkiri ba ya ƙara masa komai sai hatsarin a yi masa aikin a gaggauce, a lokacin da jikinsa ya fi rauni.

Mai jira yana da abubuwan da zai iya yi, ko da yake ya kamata a faɗi gaskiya cewa babu wani tsarin abinci da yake narkar da tsakuwar da ta riga ta samu. Rage maiƙo, da cin abinci kaɗan-kaɗan a kan lokaci maimakon tara yunwa a cika ciki lokaci guda, yana rage wa mutane da yawa yawan tashin ciwon. Daina cin mai kwata-kwata kuskure ne, domin maɗaciyar da ba ta matsewa ta fi saurin tara laka, wato ruwan ɗacin da ya yi kauri kamar taɓo, wanda yake iya zama tsakuwa. Mai ƙiba ya rage nauyi a hankali, kada ya wuce kimanin kilo ɗaya a mako. Idan ciwon ya tashi, magunguna irin su diklofenak suna kwantar da shi, har akwai shaidar cewa suna rage yiwuwar ya rikiɗe ya zama kumburi, amma ba su dace da mai gyambon ciki, ko mai ciwon ƙoda, ko mai tsohon ciki ba, don haka likita ne zai tsara su tun kafin buƙatar ta taso.

Lissafin gaba ɗaya yana sauyawa da zarar tsakuwa ta haifar da matsala. Ciwon da ya wuce awa 6 bai lafa ba, tare da zazzaɓi da zafin da ke sa mutum ya ɗauke numfashi idan an danna ƙasan haƙarƙarin dama, alama ce ta cewa maɗaciyar ta kumbura. Idan idanu suka yi rawaya irin na ciwon shawara, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, to tsakuwa ta fita ta maƙale a babbar hanyar da ke sauko da ruwan daga hanta. Idan aka haɗa wannan da zazzaɓi mai sa karkarwa, ƙwayoyin cuta sun shiga hanyar, kuma hakan yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu in ba a buɗe ta ba. Tsakuwar tana kuma iya toshe mahaɗar wannan hanya da ta fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, ta jawo kumburinsa, wanda ciwonsa yake ratsawa har gadon baya tare da amai ba ƙaƙƙautawa. Ƙananan tsakuwoyi sun fi manya yin wannan ɓarna, domin su ne suke iya kurɗawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake jinya a gida.

A da, idan maɗaciya ta kumbura, akan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sallami mutum, a ce ya dawo bayan mako 6 a yi aiki. An gano cewa da yawa suna dawowa cikin mawuyacin hali kafin ranar, shi ya sa tun 2014 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a cire maɗaciyar cikin mako ɗaya da gano kumburin. Haka abin yake ga kumburin fankiriyas mara tsanani: gwajin da aka yi a Holan, wanda aka buga a 2015, ya nuna cewa cikin waɗanda aka sallama don su dawo bayan kimanin wata ɗaya, kashi 17 cikin 100 sun sake samun matsala, alhali cikin waɗanda aka yi wa aiki kafin sallama kashi 5 ne kacal. Ga tsakuwar da ta maƙale a hanya, ana zura bututu mai kyamara ta baki har farkon hanji a fito da ita, aikin da shi ma yake iya tayar da kumburin fankiriyas a wajen mutum kaɗan cikin ɗari, sannan a cire maɗaciyar daga baya don kada wata ta sake fitowa. Wanda jikinsa ba zai iya ɗaukar tiyata ba sam, ana iya soka masa siririn bututu ta fata a zuƙe ruwan, amma wannan mafita ce ta dole, kuma bincike ya nuna cewa hatta tsofaffi masu rauni da yawa sun fi samun sauƙi idan aka cire maɗaciyar.

Ita kanta tiyatar tana cikin waɗanda aka fi yi a duniya. Carl Langenbuch ne ya fara cire maɗaciya a birnin Balin a 1882, kuma fiye da shekara 100 ana yin aikin ne ta hanyar tsaga ciki ƙarƙashin haƙarƙari. A 1985 Erich Mühe ya yi shi a Jamus ta 'yan ƙananan huda da madubin leƙa ciki, Philippe Mouret ya bi sahu a Faransa a 1987, cikin 'yan shekaru kuma wannan hanya ta mamaye ko'ina. Ana sa mutum barci, a hura masa iska a ciki don a sami sarari, a huda wuri uku ko huɗu, a ɗaure hanyar maɗaciya da jijiyar da ke kai mata jini, a ɓamɓare ta daga jikin hanta, a fito da ita. Da yawa suna komawa gida a ranar ko washegari, su koma aiki cikin mako biyu, yayin da mai tsagar ciki yake buƙatar kimanin mako 6. Akan tambaya me ya sa ba za a kwashe tsakuwar a bar jakar ba. Dalilin shi ne jakar da ta haifi tsakuwa sau ɗaya za ta sake haifarta.

Hatsarin da likitocin tiyata suka fi tsoro shi ne yanke ko ɗaure babbar hanyar ruwan bisa kuskure, wanda yake faruwa ga kimanin mutum 3 zuwa 5 cikin 1,000. Adadin kaɗan ne, amma ga wanda abin ya faɗa wa yana iya zama tiyata bayan tiyata da jinyar shekaru. Saboda haka idan likita ya tarar wurin ya cakuɗe da kumburi har ba ya iya bambance hanyoyin, ya yanke shawarar buɗe cikin, ko ya cire wani ɓangare na maɗaciyar ya bar ragowar, wannan alama ce ta ƙwarewa da taka-tsantsan, kuma ya kamata mara lafiya ya san da yiwuwar hakan tun kafin ya sa hannu a takarda. Yana kuma da haƙƙin ya tambayi sau nawa likitan yake yin wannan aiki, da inda za a tura shi idan an sami matsala.

Masu neman hanyar da ba ta wuƙa ba suna da zaɓi ɗaya na gaskiya, shi ma mai iyaka. Maganin usodiyol yana iya narkar da ƙananan tsakuwoyin kolastirol da ba su taurare ba, a maɗaciyar da har yanzu take matsewa, amma sai an sha shi wata 6 zuwa shekara 2, ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma kusan rabin waɗanda ya yi wa aiki tsakuwar tana dawo musu cikin shekara 5. Ya fi amfani wajen rigakafi ga waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba. Farfasa tsakuwa da na'ura daga waje, wanda yake aiki sosai ga tsakuwar ƙoda, an gwada shi a shekarun 1980 aka watsar saboda wannan dalili na dawowa. Abin da nake ganin ya fi cancantar gargaɗi shi ne haɗin man zaitun da ruwan lemon tsami da ake yaɗawa a intanet da sunan wanke maɗaciya. Masu sha suna ganin wasu korayen dunƙule-dunƙule a bayan gida su ɗauka tsakuwa ce ta fito. A 2005 wasu masana a Niyu Zilan sun gwada irin waɗannan dunƙule a ɗakin bincike, suka tarar ba su da kolastirol ko bilirubin, sabulu ne da ya haɗu a hanji daga man da aka sha. Tsakuwar tana nan inda take, kuma shan mai da yawa haka yana tilasta wa maɗaciya ta matse da ƙarfi, wanda shi ne ainihin abin da yake tura tsakuwa cikin hanya.

Mai juna biyu tana cikin yanayi na musamman, domin lakar da ciki yake haddasawa takan wanke da kanta bayan haihuwa, amma idan ciwon yana ta dawowa ko kumburi ya shiga ana yin aikin, kuma watanni ukun tsakiya ne aka fi so. Akwai kuma masu ciwo irin na tsakuwa amma hoto bai nuna komai ba. Wasu ana yi musu gwajin da ke auna yadda maɗaciya take juye ruwanta, a cire ta idan ta yi kasala, sai dai shaidar amfanin aikin a wannan rukuni ba ta kai ta masu tsakuwa ƙarfi ba, kuma a nan ya fi dacewa a nemi ra'ayin likita na biyu.

Bayan an cire maɗaciya, ruwan yana gangarowa daga hanta zuwa hanji kai tsaye, kaɗan-kaɗan a kowane lokaci, kuma yawancin mutane suna komawa cin abincinsu na yau da kullum cikin 'yan makonni. Ciwon kafaɗa na kwana ɗaya ko biyu daga iskar da aka hura ne, yana wucewa. Kimanin mutum ɗaya cikin goma yana fama da gudawa, musamman bayan cin maiƙo, wadda galibi take lafawa da lokaci, idan kuma ta ƙi akwai magani irin su kolestiramin da yake kama ruwan ɗacin a hanji, don haka bai kamata mutum ya yi ta haƙuri da ita shekara da shekaru bisa zaton haka kowa yake ba. Zazzaɓi, ko ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko kumburin ciki, ko rawayar ido a kwanakin farko suna iya nuna ruwan yana yoyo a ciki ko an taɓa hanya, kuma gano hakan da wuri yana sauƙaƙa gyara. Idan kuwa ciwo irin na da ya dawo bayan watanni ko shekaru, yana yiwuwa wata tsakuwa ce ta rage ko ta sake samuwa a babbar hanyar, abin da gwajin jinin hanta da hoton maganaɗisu suke iya nunawa, a kuma fito da ita ta baki ba tare da an sake yanka ba.